Layi na Ashirin da Shida

Ni na rubuta furogiram ɗin da ke riƙe da sunayen matattunmu na unguwar Zango a Wagadugu, kuma ni na ɓatar da layi biyar da rabi daga cikinsu. Na faɗi wannan sau ɗaya a gaban dattawa. Yanzu ina so in rubuta shi a jere, yadda ya faru.

Lakwal ɗina, wato makarantar boko, aji huɗu ne. Da tsohonmu ya rasu na fita, na zauna wajen wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Sankaryaaré. Daga rediyo na koma salula, daga salula na koma kwamfuta. Wata rana wani ya manta da littafi a shagona, fotokofi ne, ba bango, na koyon yaren C da Faransanci. Bai dawo nemansa ba. Na yi shekara biyu ina fama da shi da ƙamus a gefe, har na iya sa na'ura ta yi abin da na ce. Daga nan mutanen unguwa suka fara kirana Injiniya. Da wasa suka fara, ni kuma na karɓa da gaske.

A maƙabartarmu ba a kafa allo mai suna. Tudun ƙasa ne, sai dutse ko fasasshen tulu a wajen kai. Damina biyu in ta wuce, kowane kabari ya koma kamar na kusa da shi. Shi ya sa tun zamanin kakanni ake da littafi a masallaci: sunan mamaci, layin da yake, da lambarsa a cikin layin. Mu 'yan gari ba mu cika bukatarsa ba. Baƙi ne ke bukata. Fatake sukan zo daga Kano da atamfa, ajali ya same su a Wagadugu, a rufe su a nan, bayan shekaru ɗa ko jika ya zo yana tambayar inda za shi tsaya ya yi addu'a.

Shekarar da ruwa ya shiga ɗakunan masallaci littafin ya jiƙe, takardun suka manne. Dattawan kwamitin maƙabarta suka kira ni, suka ce ko na'ura za ta iya riƙe wannan amana. Na ce za ta iya, kuma ita ba ta jiƙewa, ba ta mantuwa. Don Allah na yi aikin. Amma kuma don a ce ni na yi.

Sai na ɗan yi bayani a nan, ba mai tsawo ba. Furogiram ba ya taɓa diski da hannunsa. Roƙo yake yi. Akwai babban sistam da ke riƙe da na'urar gaba ɗaya, shi ake ce wa: buɗe mini fayil, karanto mini, rubuta mini, rufe. Duk roƙon da ka yi, sistam na mayar maka da amsa da lamba, ko dai ga yawan abin da na karanto, ko kuma ban iya ba. Ni ban taɓa duba amsar ba. Na ce karanto, na ɗauka an karanto. Kuma a wuri arba'in da uku na yi irin wannan roƙo, nan da can cikin furogiram ɗin, duk inda ya faɗo mini.

Ina da ƙanwa, autarmu. Ita ta yi karatun har jami'a, tana zaune a unguwar Dassasgho, aikinta ke nan a ofis, rubuta furogiram. Kowace Juma'a takan zo a motonta mai ƙafa biyu ta ci tuwo a gidana. Wata Juma'ar na nuna mata aikin, ina jiran yabo. Ta yi ta gangarawa da shafin.

"Yaya, in faɗi gaskiya?"

"Da ƙarya kika saba faɗa mini?"

"Kana yi wa sistam magana ta ko'ina. Ka yi ƙofa ɗaya mana. Ƙaramin fayil guda, ka rubuta naka buɗe, naka karanta, naka rubuta. Su kaɗai za su yi magana da sistam. Su duba amsar da ya bayar, su ajiye a rubuce abin da aka roƙa da abin da aka samu. Sauran furogiram ɗin duk ya bi ta hannunsu."

"Aiki biyu ke nan. In roƙi wanda zai roƙar mini?"

"Baƙon da ya kawo atamfa daga Kano, shi ke shiga kasuwa da kansa? Ta hannun mai masaukinsa yake bi. Shi ya san garin, shi zai ce masa wannan cinikin bai faɗa ba. Ran da ka canja na'ura, fayil ɗin nan kaɗai za ka taɓa. Ran da abu ya lalace kuma, ka san inda za ka duba."

"Yana aiki ko ba ya aiki?"

"Yana aiki."

"To ci tuwonki, Madam."

Ta yi dariya ta ci. Na gane abin da ta faɗa sarai, kuma na san daidai ne. Abin da ya hana ni, ni na riƙa kai ta lakwal a bayan keke tana riƙe da rigata. Ban ga yadda za a yi ta zauna a tabarmata ta gyara mini aiki ba.

Wanda ke shigar da sunaye ladanin masallacinmu ne, dattijo mai tsabta, tsohon tela, idonsa ya fara rauni. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana kiran kowane harafi a bakinsa. Shi da ni muka kwashe abin da ya karantu a tsohon littafi, wanda ya tsaya a layi na ashirin da huɗu. Daga nan duk wanda aka rufe, mai haƙa kabari yakan faɗi layi da lamba, a rubuta a 'yar takarda da ajami, da bisimilla a sama, a kawo wa Ladan ya shigar. Ya taɓa tambayata yadda zai yi da takardun, tunda akwai sunan Allah a jiki, ba a yar da su a bola. Na ce ya ƙona. Na ce me zai yi da tarkace bayan abu ya shiga na'ura. Haka ya riƙa ƙona su a kasko bayan masallaci, shekara da shekaru.

Tsohuwar na'urar ta fara tari, fankarta na kuka. Wani alhaji ya ba masallaci wata daga ofishinsa, mai kyau, sai dai sistam ɗinta daban ne da wanda na yi aikin a kansa. Rana ɗaya na kwashe furogiram ɗin na mayar can. Ta yi ta ƙorafi a kan wasu sunaye, na yi ta toshewa har ta yi shiru. Na nemi sunan tsohonmu, layi na takwas, ya fito. Na nemi na kakarmu, ya fito. Na ce an gama. Tsohon diskin kuma na wanke shi tas na sa wa wani mai ɗaukar hoto a Tanghin, ya cika shi da hotunan biki.

Wata bakwai ba wanda ya lura da komai. Wanda ya rufe nasa kwanan nan ya san wurin, ba ya tambayar na'ura.

Sai wani mutum ya zo daga Kano. Zai yi shekara arba'in, mai sanyin magana. Mahaifinsa ɗan kasuwar atamfa ne, ya rasu a Zango shekaru shida kafin nan, lokacin shi ɗan ba shi da halin zuwa. Yanzu ya kawo kaya, zai yi kwana goma, yana so a nuna masa kabarin. Ladan ya buga sunan. Babu. Ya sake bugawa. Babu. Aka aiko a kira ni daga shago.

Na zauna na duba. Layi na ɗaya zuwa na ashirin da biyar suna nan cif. Daga na ashirin da shida har tsakiyar na talatin da ɗaya, fayau. Sai sunayen watanni bakwai na ƙarshe. Dattawa huɗu na tsaye a kaina, baƙon na bakin ƙofa da takalmansa a hannu. Shugaban kwamiti ya ce, "Injiniya, me ya faru?"

Ban san me ya faru ba. Abin da ya kamata in ce ke nan. Amma sai na ji bakina ya ce, "Na'ura ba ta goge abu da kanta. Sai dai in an danna wani wuri."

Ban kalli Ladan ba. Kowa ya kalle shi. Ya ce, "Ni dai abin da aka koya mini nake dannawa." Wani daga cikin dattawan ya ce ai dama ido ya tafi, tun bara yake cewa a nemo wani. A wurin aka karɓi makullin ɗakin daga hannunsa. Ya ciro shi daga igiyar wuyansa, ya miƙa da hannu biyu. Sannan ya juya wajen baƙon ya ce, "Alhaji, ku yafe mini." Baƙon ya ce ba komai, haka Allah ya so.

Na koma shago na ci gaba da gyaran salular mutane. Ladan ya ci gaba da kiran salla, sau biyar ina jin muryarsa, lasifikar na fuskantar shagona.

Kwana biyu bayan haka ya zo da hantsi. Ya zauna a bencin masu jira, ya bari na sallami wata mata, sannan ya ce, "Ɗana, ba rigima ta kawo ni ba. So nake ka nuna mini wurin da na danna. Ina neman gafarar Allah a kan abin nan, amma ban san me zan ce na yi ba. In na san maɓallin, hankalina zai kwanta."

Na ce zan duba, Baba. Ya yi godiya ya tafi.

Babu irin wannan maɓalli. Ni na rubuta abin, na sani. Ko suna ɗaya ba a iya gogewa sai an amsa tambaya sau biyu, balle layi biyar. Tun a ɗakin masallaci na san haka, lokacin da nake magana.

Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba in ba rasuwa aka yi ba. Na karɓo na'urar na kai gida. Na fara neman laifin, sai na ga ba ni da inda zan fara. Wuri arba'in da uku, kowanne na magana da sistam yadda ya ga dama, ba wanda ya bar shaida. Na yi yini guda ina zato. Kashegari na haƙura na buɗe sabon fayil, na yi abin da autarmu ta ce shekaru da suka wuce. Nawa buɗe, nawa karanta, nawa rubuta, nawa rufe. Kowanne ya roƙi sistam, ya tsaya ya ji amsa, ya rubuta layi ɗaya a wani fayil na shaida: an roƙi kaza, an samu kaza. Duka bai cika shafi biyu ba. Bin wuraren nan arba'in da uku ɗaya bayan ɗaya ina juya su su bi ta ƙofar, shi ya ci mini kwana biyu. Matata ta ce ko ba ni da lafiya ne. Na ce mata aiki ne.

Da na gama na ƙirƙiro sunayen ƙarya, layi ɗaya zuwa talatin da ɗaya, na zuba su a fayil da wata na'ura mai irin tsohon sistam, na kawo wa sabuwar. Na buɗe. Na duba fayil ɗin shaida. Layi na biyu na shaidar ya faɗa mini komai: an roƙi fayil gaba ɗaya, abin da aka samu bai kai ba. Sistam ya faɗi hakan da lamba, a fili. Wata bakwai da suka wuce ma ya faɗa, ba wanda ke saurare. Na duba inda karatun ya tsaya. Sunan farko na layi na ashirin da shida. Na canja sunayen, na sake. Nan dai ya tsaya.

Sauran na san shi ba sai an gaya mini ba. Furogiram ɗina yakan karanto fayil duka in an kunna, in an ƙara suna kuma ya rubuta duka a kan tsohon. Ranar da Ladan ya shigar da mamacin farko a sabuwar na'ura, ya danna ajiye kamar yadda na koya masa, guntun da aka karanto ya hau kan cikakken. Abin da ya danna ke nan.

Ban jira Juma'a ba. Na hau moto na tafi Dassasgho, na same ta ta dawo daga aiki tana cire takalmi. Na miƙa mata takardar da na kwafe shaidar a kai. Ta karanta, ta dube ni.

"Ka yi ƙofar."

"Na yi. Me ya sa yake tsayawa a ashirin da shida?"

"Lambar layi, a matsayin lamba ka ajiye ta, ba rubutu ba?"

"Lamba."

"To shi ke nan. Wannan sistam ɗin, in ba ka ce masa fayil ɗin ba rubutu ba ne, yakan ɗauka rubutu ne. A tsohuwar al'adarsa kuma lamba ashirin da shida alama ce ta ƙarshen rubutu. Da ya gan ta ya ce an gama. Kalma ɗaya za ka ƙara wajen buɗewa." Ta rubuta mini kalmar a bayan takardar. "Wuri ɗaya yanzu, ba arba'in ba. Akwai kwafi a wani wuri?"

Na ce babu. Na gaya mata zancen diskin mai hoto, da kaskon bayan masallaci, da makullin Ladan. Na jira ta ce ai ta faɗa mini. Da ta faɗa da na samu abin yin fushi. Ba ta ce ba. Ta kawo mini zom-kom, ruwan garin gero mai sanyi, a kofi, ta ce, "Yaya, baƙon nan yaushe zai tafi?"

Saura kwana uku.

Kashegari bayan la'asar na ce wa dattawa su ɗan tsaya. Na sa aka kira baƙon daga masaukinsa. Ban yi dogon bayani ba, ba wanda zai gane zancen ashirin da shida. Na ce Baba Ladan bai danna komai ba sai abin da na koya masa. Na ce aikina ne ya ci sunayen, an gargaɗe ni tun da wuri na ƙi ji, ni na ce a ƙona takardu, ni na wanke tsohon diski, kuma ranar da aka tambaye ni na san ba shi ba ne na bari aka ɗora masa. Wanda ya yi zancen ido ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ladan ya ce, "To ba maɓalli ke nan?"

Na ce babu, Baba.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kwana shida ina zargin yatsan nan." Ya ɗaga shi ya duba. Wasu suka yi 'yar dariya. Ni ban iya ba. Shugaban kwamiti ya ciro makullin daga aljihu ya ba shi, har yau kuma bai sake kirana Injiniya ba. Da sunana yake kirana.

Da safe muka tafi maƙabarta mu huɗu: ni, Ladan, baƙon, da mai haƙa kabari, wani tsohon Bamoshe da ya fi shekara talatin yana aikin. Hausarsa kaɗan ce, Ladan ke fassara. Aka kwatanta masa mamacin, dogo, mai atamfa, an rufe shi ana gab da azumi. Ya taka a hankali har layi na ashirin da bakwai, ya tsaya kusa da wata bishiyar dogon yaro. Ya ce a makon nan mutum uku ya rufe a jere, Bakanon na cikinsu. Ya nuna tudu uku. Ya ce wanne ne, ba zai yi wa Allah ƙarya ba.

Baƙon ya dubi tudun nan uku. Ya cire takalmi. Ya tsaya a kan na farko ya yi addu'a mai tsawo, ya matsa na biyu ya yi irinta, ya matsa na uku. Bai gajarta wa ko ɗaya ba. Ina tsaye a baya, rana na dukana, na rasa inda zan sa hannuwana. Da ya gama ya zo ya ba ni hannu. Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Malam, ya isa. Sauran biyun ma wataƙila ba mai zuwar musu." Ya sa takalminsa. Kashegari ya hau mota.

Mun yi wata huɗu muna bin layukan nan, ni da Ladan da tsohon, kowace Lahadi da safe. Muka bi gidaje muna tambayar wanda ya tuna inda ya rufe nasa. Na 'yan gari yawanci sun dawo. Na baƙi ne suka ƙi. Kabari goma sha tara har yanzu ba suna, na shigar da su da layi da lamba, wurin suna na rubuta ba a sani ba. Uku na gindin dogon yaro kuma suna ɗaya na rubuta musu, da alamar tambaya.

Furogiram ɗin ya sake ƙaura sau ɗaya tun daga nan, zuwa wata ƙaramar na'ura. Fayil ɗin ƙofa kaɗai na taɓa, kafin azahar na gama. Yanzu in abin da aka karanto bai kai girman fayil ba, ba ya yarda ya rubuta komai, sai ya tsaya ya ce a kira ni.

Ladan bai sake ƙona takarda ba. Gwangwanin madara ya samu, babba, yana jera su a ciki. Duk ran da na shiga ɗakin in duba fayil ɗin shaida, gwangwanin na kan tebur kusa da na'urar. Bai taɓa ce mini komai a kansa ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba, sai dai in matsar da shi kaɗan in samu wurin sa hannu.